Wandon Mai Walda

Mai shago ya sake sauko da wani wandon jins, ya karkaɗe shi, ya miƙa wa mai walda.

"Wannan fa, Malam? Ja ka ji. Ko tsalle ka yi ba zai yage ba."

Mai walda ya ja. Wandon ya miƙe kamar danƙo, ya koma yadda yake. Shi dai a saninsa jins tauri gare shi, sai an sha fama kafin ya saba da jiki. Tun safe yake yawo a kasuwa: wani ya ce mai nauyi shi ne mai ƙarko, wani ya ce nauyin duk sitaci ne, wanki ɗaya zai zube. Yanzu ga wannan yana cewa laushi ne inganci. Kansa ya gama ɗaurewa.

Ba kwalliya ce ta kawo shi ba. Jiya Oga ya ƙare wa wandon aikinsa kallo, wanda tartsatsin wuta ya huhhuda har gwiwa tana leƙowa, ya ce jibi masu ba da kwangila za su zo, duk wanda ya zo da tsumma ya koma gida, kuma kada ya dawo. Kuɗin wando ɗaya ne a aljihunsa, shi ma da ƙyar.

"Auduga ce zalla?"

"Zalla! Har da ƙari."

"Ƙarin me?"

"Ƙarin kyau mana, Malam."

A wurin aikinsu ba a tsayawa musu a kan yadi. Zare ake kamawa a sa masa wuta: auduga toka take zama, roba kuwa narkewa take yi, irin wadda ke manne wa mutum a fata. Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya zaro ashana, ya kama wani zare da ke lilo a bakin ƙafar wandon, ya ƙyasta.

Zaren ya nannaɗe, wutar ta bi shi da gudu. Kafin ya murje ta da yatsa, bakin ƙafar ya ƙanƙance ya yi baƙi, warin ƙonanniyar leda ya cika shagon.

"Ka gani ko?" in ji mai walda, har da murnarsa. "Roba ce!"

"Na gani," in ji mai shago. "Na ga ka ƙona mini wando."

Nan da nan maƙwabta suka taru. Kowa ya shinshina, kowa ya yarda roba ce, mai walda ya yi gaskiya. Kowa kuma ya yarda sai ya saya. Ya yi ta kallon bakunansu, ya kasa gane yadda mutum zai yi gaskiya kuma ya biya. Haka ya fito da leda a hannu, ransa a jagule.

A gida matarsa ta ɗaga wandon, ta yi murmushi.

"Kai, Baban yara, ka iya zaɓe! Wannan ƙunar ai naɗe ta kawai zan yi."

"In tartsatsi ya sauka a kansa, da fatata zai haɗa."

"To me ya sa ka saya?"

"Saboda na gano ba shi da kyau."

Ta dube shi, ta dubi wandon.

Ya zauna a bakin gado. Tsoron Oga yake ji, tsoron wuta ma yake ji, bai san wanne ya fi ba. Can ya miƙe, ya zura sabon a kan tsohon da ke jikinsa, ya ja, ya matse ciki, ya samu maɓallin ya shiga. Ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ƙafafu a buɗe.

"Biyu za ka sa? A gaban wuta, wuni guda?"

"Na saman na Oga ne," in ji shi. "Na ƙasan nawa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko allura da zare, ta durƙusa, ta ce ya tsaya da kyau kada ta soke shi.