Wutsiyar Harafin Mama

Aikina zana ƙananan alamomin nan da ake gani a fuskar kwamfuta. Da kamfaninmu ya tashi sabunta babbar manhajarsa, aka ba ni alamar fayil ɗin salon rubutu: 'yar farar takarda da harafi ɗaya a tsakiya. Ban yi shawara da kowa ba, na zana "a" irin ta Mama, Allah ya ji ƙanta, mai doguwar wutsiya da ke lanƙwasowa sama. Haka take rubuta ta in tana sa sunayenmu a wuyan rigunan makarantarmu.

A ofis ɗinmu ba a karɓar alama sai an mayar da ita ainihin girmanta, kamar ƙwayar wake, kowa ya ja kujera baya ya kalla. Ni kuwa daɗin zane a faffaɗan allo ya ɗebe ni, ban gwada ba. Ana ƙanƙanta ta a gaban jama'a, wutsiyar ta dagule ta koma datti.

"Ko ki gyara kafin a tashi, ko mu sa harafin da aka saba," in ji shugabarmu.

Na zauna ina ta fama, idona ya ciko. Sai ga Dogo, abokin aikin da ba ma ga maciji, mutumin da ko gaisuwa ka yi masa sai ya yi mata gyara. Ya leƙo ta kafaɗata.

"Wutsiyar ba ta da laifi, wuri ta rasa. Cire naɗin nan."

Naɗin kusurwar takardar nasa ne. Shi ya yi ta rigima har aka sa shi a kowace alamar fayil, kuma ya ishe mu da fariya a kansa.

"Dogo, naɗinka ne fa."

"Na ce miki ba na gani ne? Cire kafin in canja ra'ayi."

Na cire, harafin ya samu sarari, wutsiyar ta fito tsaf. Shi da kansa ya je ya shawo kan shugaba.

Ran da manhajar ta fito na ajiye wa Baba kwamfuta a cinya, na buɗe masa ita. Ya gyara tabarau, ya matso. Can ya ɗora yatsa a kan allon.

"Wa ya ba su hannun uwarku?"

Har gobe ina gode wa Dogo. Washegari na haɗa masa shayi da hannuna. Ya ce sukari ya yi yawa, ya shanye tas.