Hodar Mama Rifkatu

"Ƙara hodar nan a kumatu, Balaraba. Kar yaron nan ya gan ni kamar gawa."

Na ƙara, raina a ɓace. Na zizara mata kwalli, na ɗaura mata ɗankwalin zumuntar matan cocinsu, sannan na riƙe mata wayar daidai fuska. Haka muke yi duk Lahadi idan ɗanta Istifanus zai kira ta bidiyo.

Mama Rifkatu ce kaɗai Kirista da ta rage a gidan hayarmu na Abakpa. Sauran duk sun haye kogi zuwa ɗaya ɓangaren gari tun zamanin rikici, har da ɗan nata. Yana nan Sabon Tasha, ba Legas ba, amma sai ka ce bangon duniya ya tafi.

Ciwon ƙoda ke cinta. Likita ya daɗe da sallamarta, ita kuwa ta ƙi sallamar kanta. Da safe za ka ji ta tana waƙar yabo tana tsince shinkafa, ƙafafu a kumbure kamar turmi. Ranar da ta koma asibiti da ƙafarta, likitan ya cire tabarau ya ce duk abin da take sha ta ci gaba.

"Godiya nake sha, Likita," ta ce. "Wanda Yesu ya tashe shi da safe, me zai yi da ƙorafi?"

Ban ƙaryata ta ba. Ni da nake mita tun daga farashin gawayi har kukan jikoki, ga ni da hawan jini. Na ga yadda fara'a ta riƙe matar nan. Abin da ya ƙona min rai shi ne, fara'ar ce ɗanta ya samu ya fake a bayanta.

Wayar ta yi ƙara.

"Mama, ya jiki?"

"Da sauƙi, ɗana! Godiya muke. Ka ga ma na yi ƙiba."

"Kai, Mama, kin fi ni lafiya! To sai na samu lokaci."

Ƙiba! Ruwa ne ya cika ta. Ban san sa'ad da na juya wayar ƙasa ba, na ɗage zanen na nuna masa ƙafafun, fatar tana sheƙi, ta tsattsage tana tsatsar ruwa.

"Kalli ƙibar da kyau, Istifanus. Uwarka tafiya take yi. In za ka zo, ka zo."

Ya ƙura wa ƙafafun ido. Can ya ce, "Anti, ai ba ta faɗa min ba. Aiki ya yi yawa, ga cunkoson gada. Asabar zan shigo, da yardar Allah."

Da ya kashe, Mama ta juya fuskarta bango. Tunda nake da ita ban taɓa ganin ta yi fushi ba sai ran nan.

"Kin ɗora masa kaya, Balaraba."

"Kayansa ne, Mama. Ke kika haife shi, ba ni ba."

"Idan na fara kuka, wa zai tsayar da ni?" ta ce a hankali. "Godiyar nan ba don shi kaɗai nake yi ba. Da ita nake tsaye."

Na ɗauki kwanon kununta na fita.

Washegari ta koma waƙarta, sai dai muryar ta dushe. Duk sallamar da aka yi a zaure sai ta ɗago kai. Ranar Alhamis ta sa na share ɗakin, na wanke kofin baƙi.

Ranar Juma'a, ana kiran sallah, ta cika. Ni da Harira maƙwabciyarmu ne a kanta. Maigidana ya fasa tafiya babban masallaci ya je ya kira fastonsu.

Istifanus bai jira Asabar ba. Ashe ya taso tun kafin a buga masa, wayarsa a aljihu bai ji kiran ba, yana cikin cunkoso. Ya shigo da la'asar da ledar lemon zaƙi a hannu, ya tarar da motar asibiti a ƙofar gida, ta zo ɗaukar gawa. Na shirya masa maganganu masu zafi, amma da na ga fuskarsa sai na kauce na ba shi hanya.

Ledar ta yage, lemon ya gangara tsakar gida, wasu har cikin kwata. Ya durƙusa yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, yana gogewa da bakin rigarsa.