Alhaji Alamar Tambaya

Wata uku Mardiya ta yi tana aikin gwaji a ofishin ƙungiyar manoman gero da dawa ta Tambuwal, kuma ranar Alhamis mai zuwa za a ba ta takardar aiki ko a sallame ta. Mai yanke hukuncin shi ne shugaba, Alhaji Atiku Ɗangiwa, mutumin da ko tari ya yi sai ta miƙe tsaye.

Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, kuma duk imel ɗin da ya fita daga cikinta akwai sa-hannun Alhaji a ƙasa: suna, muƙami, da sarautu huɗu, biyu daga ciki shi ya naɗa kansa. Matsalar ita ce mataimakinsa, Jumare na reshen Kebbe. Taubashinsa ne, ɗan kawunsa, shekara sittin suna tsokanar juna ba wanda ya gaji. Duk zuwan da Jumare zai yi bisa babur sai ya taɓa sa-hannun nan. Ranar Litinin wasiƙa ta tafi har Sakkwato da sarauta ta biyar: Sarkin Barcin Hantsi.

"Ke ɗiyar ga!" in ji Alhaji. "Rufe min abin ga. Makulli nika so, wanda ko aljani ba ya buɗewa."

Mardiya ta shiga rajistiri, wato can cikin cikin kwamfuta inda take ajiye dokokinta, wurin da malaminta ya ce kuskure ɗaya na iya kwantar da na'ura. Ta yi bismilla sau uku. Ta ƙara layi biyu, ɗaya na sabuwar wasiƙa, ɗaya na amsa, kowanne da sunan sa-hannun Alhaji. Da ta koma wurin gyara sa-hannu, sai ga shi ya yi toka-toka, ko an danna ba ya motsi. Sannan ta sa kwamfutar ta riƙa neman kalmar sirri kafin a shiga rajistirin.

"Ba ni wuri," Alhaji ya ce. Ya rufe madannai da babbar riga, ya buga kalmar da yatsa ɗaya, kamar kaza tana tsince tsaba.

Washegari amsa ta zo daga masu ba da irin shuka. Ta fara da: "Zuwa ga Alhaji ?angiwa."

Mardiya ta bincika. Ashe a sa-hannun da ta sake rubutawa kafin ta rufe, Ɗ mai lanƙwasa ba ta isa wasu kwamfutoci lafiya, a hanya take rikiɗa ta zama alamar tambaya. Kafin la'asar amsa uku sun zo haka. Kafin safiyar Laraba mai shayin bakin ofis yana cewa, "Alhaji Tambaya, a sa madara?"

"Buɗe!" Alhaji ya daka mata tsawa.

"Ranka ya daɗe, kalmar tana wurinka."

Ya zauna ya buga. Kwamfuta ta ƙi. Ya buga lambar motarsa, ya buga shekarar da ya je Makka, ya gwada sarautun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya cire hula ya leƙa cikinta kamar a nan ya aje.

"Ke kinka rufe, ke za ki buɗe. In gobe ta yi sunana na da ƙugiya ga kai, ki koma gida ki ci gaba da karatun littattafanki."

Mardiya ta fita bayan ofis, ta tsaya gindin dalbejiya tana cizon bakin mayafi. Mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da ke cikin kan Alhaji fiye da Alhaji. Shi ne kuma wanda aka yi makullin dominsa. Ta kira Kebbe.

Da hantsin Alhamis Jumare ya iso, dariya na gaba yana biye.

"Ina Alhaji Tambaya? Mi ya faru, giwa ta ɓace an bar tambaya?"

"Wa ya kira wanga bawan nawa?"

"Ni ce, Baba," Mardiya ta ce, muryarta kamar ta sauro.

Jumare ya ja kujera. "Ɗiyata, sadda yab buga, murmushi yay yi ko ɗaure fuska?"

"Ya ɗan yi murmushi. Sai kuma ya yi ajiyar zuciya."

"Shi ke nan." Ya buga haruffa biyar da lamba biyu. Rajistiri ya buɗe.

"Marka saba'in da shida," Jumare ya faɗa da ƙarfi, har mai shayi ya ji. "'Yar Dogon Daji. Shekarar da kowa ke sayen rediyo da kuɗin fetur, shi ma ya saya ya kai mata. Ta karɓi rediyo, ta ce mai rediyon ya cika surutu."

"Ƙarya kaka yi! Ni nif fasa!"

Suna ta wannan, Mardiya ta goge layukan biyu, ta gyara sa-hannun yadda Ɗ za ta isa ko'ina da lanƙwasarta, ta aika wa wayarta gwaji. Ɗangiwa ya fito cif. Ta mayar da layukan.

"Ranka ya daɗe, sabuwar kalma."

Alhaji ya dubi madannai, ya dubi Jumare da ke washe baki, ya ja tsaki.

"Ke riƙe. Duk abin da nis sa, wanga mayen ya sani."

"Ai mai aikin gwaji ba ta riƙe makullin ofis," in ji Mardiya, tana kallon ƙasa. Ita kanta ba ta san daga ina maganar ta fito ba.

Jumare ya buga cinya. Alhaji ya jawo takardar aikin daga aljihun tebur ya rattaba hannu, yana gunaguni a kan 'ya'yan zamani.

Da suka fita neman fura suna ci gaba da musu a kan wa ya ƙi wa, Mardiya ta zauna ta yi tunanin kalmar da Jumare ba zai taɓa zato ba. Ta buga sunan Hadiza 'yar Fakku, wadda Alhaji ya rantse yanzun nan cewa ta taɓa koro Jumare da muciya.

Sai ta tuna Jumare ma yana wurin ya ji. Ta goge, ta sake bismilla.