Allurar Kawu

Likita ta miƙo wa maiɗinki wayarta. Hoton wani ɗan faifai ne, wanda aka shuka ruwan da aka ɗebo daga bayan Auta, 'yar maiɗinkin, a ciki. An jera fararen ɗigo, kowanne da nasa magani.

"In magani yana cin ƙwayar sanƙarau, ba ta kusantarsa, sai ki ga fili kewaye da shi," in ji likita. "Dubi nan. Hayewa ta yi ta zauna a kansu, ɗaya tak take tsoro. Wani ya daɗe yana ɗanɗana mata su."

"Wallahi ba a ba ta komai ba. Ai Yaya ya faɗa miki."

Haka ne, shi ya amsa ranar da aka kwantar da yarinyar, wuyanta a sandare. Yayan maiɗinkin ne ciki ɗaya, mai kemis, wanda unguwa ta naɗa wa sarautar Dakta ba tare da ya taɓa leƙa ajin likitanci ba. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar babansu, wurinsa kuma take barin Auta kullum in za ta shagon ɗinki.

Likita ta juya yarinyar a hankali, ta janye zane. Tabo ne a ɗuwawun, tsoho da sabo. Maiɗinki ta sha ganinsu wajen wanka, Yaya ya ce cizon sauro ne.

"Sauro ba ya jera cizo haka," in ji likita.

*

A baranda maiɗinki ta sami Yaya, riƙe da fulas ɗin ruwan zafin da ya kawo mata.

"Yaya, allura kake yi mata?"

Ya dubi ƙasa. "In jikinta ya yi ɗumi ne kawai. Rabi-rabi ma nake yi, don kar ya yi mata ƙarfi."

"Da aka tambaye ka fa? Da ka faɗa, da tun ranar sun canza magani!"

"Haba ƙanwata, rage murya. In suka ji, rufe min shago za su yi."

Shago! Abin ya yi mata ciwo har ta rasa hawaye. Ta bar shi tsaye da fulas ɗinsa.

*

Maganin ƙarshen ya ci, Auta ta rayu, aka sallame su.

Wata safiya iska ta maka ƙofar ƙarfen gidan da bango, har maiɗinki ta yar da almakashi. Auta na zaune tana wasa da ƙyalle, ko gezau. Uwar ta zagaya bayanta ta kira ta a hankali. Ta sake kira. Ta kurma ihu har maƙogwaronta ya yi zafi, yarinyar ba ta waiwayo ba.

Ƙofar ta tsaya a buɗe. A tsallaken titi, a gaban kemis, mata sun yi layi da goyo, Yaya ya ɗaga sirinji sama yana ƙwanƙwasa shi da farce.