Gogen da Munkaila Ya Fasa

Jan ruwan da ake ɗura wa Rahina a Yamai yana cin sankarar mamanta, yana kuma cin zuciyarta. Bayan ɗuri na huɗu likita ya duba hoton zuciyar, ya ce wa wanta Munkaila: ban da daka, ban da ɗaukar tulu, ban da duk abin da zai sa ta haki.

Munkaila mai walda ne a Dogon Dutsi. Ya kai ta ƙauyensu kusa da Lugu ta huta. Ran Laraba da la'asar ya taho mata da magani a kan babur. Tun daga bakin gari ya ji goge.

Bori ake yi a ƙofar gidansu. Rahina ce tsakiyar fili, kallabi ya faɗi, kai ba gashi. Iskarta, Doguwa, ta hau ta. Sai ta yi sama ta dira da zaune, ta tashi, ta sake.

Inna Hasiya, ƙanwar uwarsu, ta riƙe masa riga.

"Ita ta roƙa, Munkaila. Ta ce Doguwa ka fushi da ita."

"Likita ya hana."

"Likita ya san Doguwa?"

Ya hankaɗe ta, ta faɗa kan ƙore. Ya nufi tsoho Rabo mai goge.

"Baba, tsaida."

"Bari in sauke ta, ɗana. Saura take guda."

Munkaila ya fizgo gogen. Rabo ya riƙe, sai Munkaila ya maka hannun tsohon da gogen gaba ɗaya a bakin turmi. Ƙoƙon ya tarwatse, yatsu biyu suka karye. Maza suka rufe Munkaila da duka har bakinsa ya cika da jini.

Kiɗa ya mutu, Rahina ba ta tsaya ba. Kowa a nan ya san goge ke kiran iska, goge ke sallamarta. Munkaila ma ya sani, a gidan aka haife shi. Wani gogen kuwa sai ƙauye na uku.

Ya rarrafa ya rungume ta, ta watsar da shi. Rabo ya shiga rera taken sallama da baki. A dira ta bakwai ba ta tashi ba.

Bayan an rufe ta, Munkaila ya je gidan Rabo, ya durƙusa daga bakin zaure.

"Baba, da na bari, da zuciyarta ta kai ƙarshen taken?"

Rabo ya dubi hannunsa da ke cikin karan ɗori.

"Ban sani ba. Kai ma ba ka sani har ka mutu."