Ɗumin Motar Kashim

…kuma ba ta ma san lokacin da ta jona ta ba. Hannu ne kawai, ya saba. Kaltum tana tsaye a tsakar gida, sanyin asuba na cizon yatsu, ga wayar hitar ɗumama inji ta miƙe daga bango zuwa cikin tsohuwar akori-kurar. Kai, Kaltum! Yau ma?

Yau fa Nasidi zai zo — ƙanin marigayi mijinta, Kashim. An raba gado, mota ta faɗa rabon ɗansu Mikail, shi kuwa daga can ƙasar ƙanƙara ya ce a ba baffansa. "Ya Kaltum, in ta tashi zan wuce da ita Zabarmari, in ta ƙi sai wani makon." In ta ƙi. Da bakinsa Nasidi ya faɗa. Motar dizal ɗin nan kuwa, duk unguwar Mairi an san ba ta tashi a sanyi sai da lallashi. A bar ta da sanyinta kawai… shi ke nan. Ba ƙarya, ba haram.

Mikail ɗin ne ya aiko da hitar, wai can mota ma sai an jona mata wuta. Ranar da ta iso, Kashim yana dariya har da tari — mota da bargo! Amma daga nan kullum asuba ga shi kan wancan benci da kofin shayi, yana jiran inji ya ji ɗumi. "Kar ki bar ta ta huce, Kaltum." To ita tuƙi ta iya? Ko makulli ba ta taɓa murɗawa ba.

Ita ma wutar, da ake kwana da kwanaki ba a gan ta ba, sai yau ta ga dama.

Tafin hannunta na kan bonet. Ɗumi… kamar shimfiɗar da wani ya tashi yanzun nan. Mikail sai murya daga nesa. Ɗakuna a kulle. Tun da ta fita takaba, me kuma ke da ɗumi a gidan nan? Tukunyar mutum ɗaya? Kaɗaici ne, wallahi, ba shi da wani suna.

Cire, Kaltum. Cire, ko ta huce kafin —

Ana buga ƙofa. Muryar Nasidi, yana sallama.

Ta fizge wayar. A banza. Ƙarfe ya riga ya ɗauka, murɗawa ɗaya za ta tashi, ita da hannunta ta shirya masa ita. Gobe da asuba kuma… ta jona me?

Bari ya ƙara bugawa. Hannun bai ɗagu daga bonet ba tukuna.