Katin Yaya Ladi

Yatsan Yaya Ladi yana kan gilashin wayar, tana jan katin, katin ya ƙi motsi. Ta goge yatsan a jikin farar rigarta, ta sake ja. Ko gezau.

Saratu tana tsaye a bayanta, tana kallo. Ta san dalili sarai, domin da hannunta ta kulle shi.

A makon nan ne Dakta Mukhtar, wanda ya gaji ƙaramin asibitin haihuwar nan na Gyaɗi-Gyaɗi daga mahaifinsa, ya kawo musu allon aiki na cikin waya. Kowane aiki da katinsa: awon masu ciki, wankan jarirai, allurar rigakafi. Kati yana farawa daga layin "za a yi". Wadda ta ɗauki aikin ta ja shi zuwa "ana yi", in ta kammala ta tura shi "an gama". Mutanen allon kuma hawa uku ne. Mai gudanarwa ita ke raba matsayi, ma'aikata su ke ɗaukar kati, sai mai kallo, wanda zai ga komai amma ba zai taɓa komai ba. Da yake Saratu ce babbar nas, ita aka ɗora wa gudanarwa.

"Mama Ladi kuwa, ki sa ta a mai kallo," in ji Dakta ranar da ya kira Saratu ofis. "Na ga hannunta lokacin da take neman jijiyar matar nan ta Hotoro. Rawa yake yi. Kada ta sake ɗaukar aikin allura."

"To, wa zai gaya mata, Dakta?"

"Haba Anti Saratu, ita fa ta yanke mini cibiya. Da wane bakin zan faɗa mata? Za ta gane da kanta."

Ka ji fa! Mutum ya yanke hukunci, kunya ta hana shi furtawa, sai ya ɗora wa waya. Ita ma Saratun ba ta fi shi ba. Shekarar da soja suka miƙa mulki ta shigo asibitin nan, ko jariri ba ta iya riƙewa ba, Yaya Ladi ce ta kama hannunta ta koya mata. Duk da haka ta danna "mai kallo" a gaban sunanta, tana ce wa ranta gobe za ta zaunar da ita su yi magana. Kullum aka wayi gari sai bakinta ya yi nauyi.

"Saratu, dubi na Hauwa," in ji Yaya Ladi, tana nuna wata nas da ke wucewa. "Ita tana taɓawa yake tafiya. Ni kuwa tun safe nake fama."

"Ƙila sabis ne, Yaya."

"Sabis ɗin ni kaɗai ya sani?"

Ta ja Saratu zuwa ɗakin ajiyar magani, ta tura ƙofa. Sannan ta miƙa hannunta na dama a tsakaninsu, ta sake shi. Yatsun suna kaɗawa a hankali, ba su tsaya ba.

"Kin gani? Na daɗe ina ɓoye shi, ba wanda ya sani. Yanzu ga shi waya za ta tona mini asiri, har gilashi ya daina jin yatsana." Muryarta ta yi ƙasa. "In Dakta ya buɗe allon nan ya ga ban taɓa motsa kati ko ɗaya ba, zai ce na tsufa. In ya sallame ni, me zan zauna yi a Unguwar Gano? Maigidana ya rasu, yara sun watse. In ba nan ba, ba ni da inda zan wayi gari in nufa."

Saratu ta ji kamar ta nutse. Maganar tana nan a bakinta: ba yatsanki ba ne, Yaya. Amma in ta faɗi wannan, dole ta faɗi sauran, cewa an riga an gani, an riga an yanke, kuma ita ce ta danna. In kuwa ta buɗe mata allon, gobe Yaya Ladi za ta ɗauki katin rigakafi, hannun nan ya doshi cinyar jaririn mutane. Wallahi ta tsani kanta a lokacin, ta tsani Dakta, ta tsani ranar da aka kawo abin nan.

"Ki rufa mini asiri," in ji Yaya Ladi. "Ni zan yi aikin, ke ki riƙa ja mini katin a wayarki. Ai ke ce mai gudanarwa."

"Sai dai awo da wankan jarirai, Yaya. Ban da allura."

"Na yarda. Na yarda, 'yar nan."

Da sauri ta faɗa, har tana gyaɗa kai, matar da ko tsohon likita, mahaifin Dakta, ba ya katse mata magana. Saratu ta ciro wayarta, ta nemo katin wankan jarirai, ta ja shi zuwa "ana yi". Nan take ya tafi. Yaya Ladi ta leƙa tata wayar, ta ga ya koma, ta yi ajiyar zuciya, ta share ido da gefen mayafinta.

"Allah ya yi miki albarka. Kada dai ki bari Dakta ya ji."

Saratu ta sunkuyar da kai.

"Ba zai ji daga bakina ba, Yaya."